Keken Baba Kalla Wanzami Ya Sami Inji

Har gobe ba zan manta da ranar da Baba Kalla wanzami ya turo kekensa cikin garajinmu na Dungas ba, da wani kwali ɗaure a baya da igiyar rama. Kaka ce, an gama yankan gero, shekara shida ko bakwai ke nan. Ku da kuke aiki tare da ni yanzu kun saba ganin keke mai inji yana wucewa, ko kai ba ku ɗagawa. A lokacin kuwa duk faɗin garin ba wanda ya taɓa ɗora ko ɗaya, mu dai muna jin labari ana yi a Kano.

Ga wanda bai san tsarin garaji ba, mataki uku ne. Akwai aparanti, mai wanke ƙarafa da miƙo kaya. Akwai mai kile, wato mai riƙe sifana, wanda aka yarda ya buɗe inji shi kaɗai ya mayar. Sai shef, wanda ba abin da ke fita daga rumfa sai ya kasa kunne ya ji kukansa ya ce ya yi. Namu shi ne Shef Laminu, Allah ya jiƙansa, mutum mai ƙarancin magana da yawan harara. Ni ina mai kile, kuma da yake a rumfar gyaran keke ta mahaifina na tashi kafin in koma moto, wato babur, duk keken da ya ɓata hanya ya shigo wurinmu ni ake tura wa, ana kirana likitan kekuna. Sunan yana ƙona mini rai, don a ganina na wuce nan.

Keken Baba Kalla ba irin na dako ba ne mai kaurin ƙarfe. Keken tsere ne na zamanin da, siriri, mara nauyi, kansa a murɗe kamar ƙahon rago. Wani mushe, wato malamin boko, da ya koyar a lakwal, makarantar garinmu, shi ne ya bar masa shi tun kafin a haife ni. Fentinsa ya gama koɗewa, amma ko ɗigon tsatsa babu, domin kullum yana shan mai da tsumma. A kansa Baba Kalla ya zaga ƙauyukan yankin nan duka da zabirarsa, yana askin suna, yana kaciya, yana ƙaho.

Shef ya buɗe kwalin. Ga ɗan inji da za ka ɗauka da hannu ɗaya, ga tanki, ga sarƙa da salansa, ga wani faifai mai haƙora, ga kusoshi cikin leda. Ya dubi injin, ya dubi keken, ya dubi tsohon.

"Baba, wannan keken ai ya girme ni."

"Ya girme ka," in ji Baba Kalla, "kuma bai taɓa kwana a garaji ba. 'Yata da ke aure a Kano ce ta aiko mini da wannan. An ce in an ɗora shi keke na tafiya da kansa. Ku ɗora mini."

"A sayar da su duka biyun mana, Baba, a cika a sayi tsohon moto."

"Moto ya fi ƙarfina, ɗan nan. In ya faɗi cikin rairayi wa zai ɗaga mini? Wannan kuwa na san shi, ya san ni."

Sai ya zauna a kan benci ya faɗa mana abin da ke tafe da shi. Wanzami a ƙasar nan gidaje gare shi, kuma gadonsu ake yi. Gidan da uban mutum ya yi wa aski, shi zai ci gaba da yi wa. Shi ke aske jaririn gidan ranar suna, shi ke yi masa kaciya in ya tasa, in kaka ta yi a kai masa daminsa. Babban gidan da Baba Kalla ya gada shi ne na Alhaji Sale, a wani ƙauye gaba da Dogo-Dogo, gida mai sassa da yawa da ba ya rabuwa da haihuwa. Kakansa ya yi musu, ubansa ya yi musu. To, sai gwiwa ta fara cin amanarsa. A sunan da ya wuce sai da rana ta take ya isa yana jan keken a hannu, ya tarar an gaji da jira an kira wani wanzami, Ma'azu, magidanci mai moto da ya zo ya zauna a ƙauyen, ya yi askin. Yanzu an sake haihuwa a gidan, Alhaji ya aiko masa da goro da magana: in ya iso da kansa kafin a raɗa suna, gida nasa ne kamar yadda yake, in bai iso ba, to, a yi haƙuri da juna, Ma'azu na nan kusa.

Na ce, "Baba, ka hau kabu-kabu mana, ko ka je ka kwana can."

"Wanzamin da sai an goya shi a baya ba wanzamin gida ba ne," in ji shi. "Gobe in jini ya taru wa wani ana son ƙaho, sai na tsaya neman mai goyo? Alhaji so yake ya ga ina iya zuwa. Kwana kuma ba na yi a waje, tsohuwata ba ta gani."

Shef ya juyo gare ni ya ce, "Mutari, ga naka. Kai ne likitan kekuna." Ranar ce kaɗai sunan ya yi mini daɗi. Wallahi na yi murna ba kaɗan ba, don abin da ba wanda ya taɓa yi a garin ne aka damƙa mini, ga suna kuma saura 'yan kwanaki.

Aikin a ido mai sauƙi ne. Ka ɗaure inji a tsakiyar kadar, wato ƙarfen jikin keke, ka ɗaura faifan haƙora a ƙafar baya, ka haɗa su da sarƙa, ka ɗora tanki a sama. Amma wanda ya ƙera kayan nan bai taɓa ganin keken Baba Kalla ba. Maƙalan injin an yi su ne don ƙarfe mai kauri, namu kuwa siriri ne, injin sai lilo yake yi. Na yanko guntun bututun ƙarfe na tsaga shi biyu na yi wa kadar riga, na ɗaure tamau, ƙarfe a kan ƙarfe, ko motsi babu. Na yi alfahari da wannan ɗaurin ƙwarai, har kiran mutane nake su zo su girgiza su gani.

Ƙafar baya ta fi ba ni wuya. Faifan a jikin wayoyin ƙafa yake kamawa, wayoyin keken tsere kuwa sirara ne, ƙarfin inji zai tsinke su tun kafin a fita gari. Na warware ƙafar gaba ɗaya na sake saƙa ta da wayoyin keken dako, na sa taya mafi faɗi da kadar zai iya ɗauka saboda rairayi. Sannan daidaita faifan, wanda in ya karkace ko kaɗan sarƙa za ta riƙa faɗuwa. Wuni na yi ina juya ƙafa da alli a hannu, ina ɗaure nan ina sassauta can, har idona ya fara ganin abu biyu. Feda ta riƙa bugun injin, muka kai wa maƙeri ya gasa ta ya buɗa. Kan keken kuwa dole ya sauka, domin hannun ba da wuta ba ya shiga murɗaɗɗen ƙarfe. Da na cire shi na sa miƙaƙƙe, Baba Kalla ya karɓi tsohon ya goge shi da hannun riga ya sa a buhu.

Kullum yana nan a kan benci tun safe, ya ƙi zuwa ko'ina. Duk sanda na kusanci keken da guduma sai ya runtse ido. Shef ya ce, "Ashe gaskiya ne, wanzami ba ya son jarfa."

"Ku dai yi a hankali," in ji tsohon. "Ba shi da ɗan'uwa."

Ranar kasuwar Dungas muka tashe shi. Irin wannan injin ba a zuba masa isans, wato fetur, zalla kamar moto, sai an gauraya da man inji. Kuma ba shi da abin tayarwa, feda za ka taka har keke ya ɗauki gudu, sannan ka saki ambiriyaj, wato mariƙin hagu da ke haɗa inji da ƙafa. Na hau, na taka, na saki. Ya yi tari ya mutu. Na sake, ya mutu. 'Yan kabu-kabu da ke tsayawa gaban garajinmu suka fara tsokana. Wani ya ce, "Likita, majinyacin ya cika!" Wani ya ce a aika a sayo likkafani tun kasuwa ba ta watse ba. Zufa ta karyo mini, raina ya ɓaci, da ba don idon Shef ba da na jefi wani da kile. Na sauka na cire buji, wato fulogi, na ga ya jiƙe sharkaf, na goge shi na busar, na rage man da ke shiga, na sake hawa. Da na saki ambiriyaj a wannan karon sai na ji wani abu ya fizge ni gaba, ƙara ta tashi tatatata, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe, ƙafafuna suna tsaye a kan feda amma keke na tafiya.

Jama'a, na hau moto iri-iri kafin nan da bayan nan, ban taɓa jin daɗin da na ji a wannan lokacin ba. Na ratsa ta gefen kasuwa ina ihu, awaki na watsewa, masu rake sun miƙe tsaye, mata masu ƙuli-ƙuli suna salati. 'Yan kabu-kabun da ke yi mini dariya suka biyo ni a jere suna danna ham, sai ka ce ango aka ɗauko. Na zago na dawo. Shef ya tsuguna ya kasa kunne, ya taɓa sarƙa, ya matsa birki, ya ce, "Ya yi." Kan keken yana ɗan kaɗawa a tafin hannu, na ji, Shef ma ya ji da ya riƙe. Amma wane inji ne ba ya kaɗawa? Zagayen kasuwa kawai na yi, kuma hannuwanmu na masu guduma ne.

Sauran kwanakin a filin ƙwallo na bayan lakwal muka yi su, ina koya wa Baba Kalla. Da farko in injin ya kama sai ya ci gaba da taka feda, wai kunya yake ji keke na aiki shi yana zaune. Da ya gane kuwa, sai ga tsoho yana zagaya fili, riga ta cika da iska, yana dariya har ana ganin giɓinsa. Ya zo ya tsaya a gabana yana haki ya ce, "Mutari, ashe haka masu moto ke ji, suka ɓoye mana?"

Dokar Shef ce sabon aiki ba ya yin doguwar tafiyar farko shi kaɗai, balle inji na cikin rodaj, wato kwanakin da ake lallaɓa sabon inji kafin ya saba. Ya ce in bi tsohon a moto da kayan aiki. "A baya za ka tsaya," in ji shi. "Kada ka ja shi, kada ka tura shi. In aka ga hannunka a jikin keken nan ka kashe masa magana."

Ranar suna muna sallame asuba muka kama hanya. Gari da ɗan sanyi, gonaki sun zama karan gero zalla, amalanken shanu na fita ɗaukar dami. Hanyar jan ƙasa ce mai gargada, keken yana ta tsalle-tsalle a kanta, tsohon ya damƙe kansa da hannu biyu iya ƙarfinsa. Duk amalanken da muka wuce sai mai shi ya miƙe tsaye a kai yana kallo. Akwai wani wuri mai rairayi da Baba Kalla ya gaya mini nan ne kullum yake sauka ya ja keken yana hutawa. Da muka doso wurin na ƙura masa ido, don na san in tayar nan ta nutse aikina ya tashi a banza. Na ga ya gyara zama, ya ba shi wuta. Ƙafar baya ta yi wutsil-wutsil, ta kama, ya fita ta can gefen. Sai na ji tsoho ya ɗaga murya yana yi wa kansa kirarin wanzamai, ni kuma a baya ina danna ham ina amsawa.

Da muka shiga Dogo-Dogo gari ya waye sarai. Na matso kusa da shi na ce, "Baba, mu ɗan tsaya injin ya sha iska!"

"Shi ya sha iska, ni in sha kunya?" in ji shi, ko waiwaye bai yi ba.

Haka muka wuce ba tsayawa. Muna shiga ƙauyen na hango taron maza a kan tabarmi ƙofar gidan Alhaji Sale, ana raba goro da dabino, rago na ɗaure a jikin turke, liman bai fara ba. Ga moto a gindin bishiyar bedi, ga mai shi zaune a gefen taro da jakarsa a cinya, na san shi ne Ma'azu. Ƙarar injinmu ta sa kowa ya juyo. Baba Kalla ya shigo fili a hankali, ya kashe inji, ya sauka, ya jingine keken a bango. Wuri ya ɗauki hayaniya. Alhaji Sale ya miƙe tsaye.

"Kalla! Kai ne?"

"Ni ne, Alhaji. Ina kwana? Barka da arziki."

Liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, aka yanka rago. Ni kuwa ina tsakiyar mutanen da suka kewaye keken, kowa na tambayar wa ya yi wannan aiki, ina ta bayani kaina ya kumbura. A raina magana ta ƙare, mun ci. Ina cikin haka aka ce wanzami na kira, in kai masa zabirarsa da ke ɗaure a bayan keke.

A zaure ake askin. Na tarar an shimfiɗa tabarma, wata tsohuwa, kakar yaron, ta zauna da jaririn a cinya, Alhaji na tsaye a bakin ƙofa yana amsa barka. Ma'azu ma ya shigo ya zauna daga can gefe, tunda gayyatarsa aka yi. Na ajiye zabirar a gaban Baba Kalla. Ya kai hannu zai kwance igiyar, yatsunsa suka kasa kama ƙullin. Ya sake gwadawa. Sai na ga hannuwan duka biyu suna rawa, kar-kar-kar, sun ƙi tsayawa. Ya jawo su ya ɓoye cikin riga, ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Mutari, ba na jin yatsuna."

Nan take na gane abin da ya faru. Kaɗawar nan da muka raina a zagayen kasuwa, ita ce ta bi ƙarfe ta shiga hannun tsoho tun daga Dungas har nan, ga gargada, ga riƙon da ya yi ba sassauci. Na san abin, yana kama mai aiki da injin gurza ƙarfe, kuma yana saki in an ba shi lokaci. Amma ina lokacin? Tsohuwa ta riga ta buɗe kan yaro. Kan ɗan kwana bakwai ne, fata kamar takarda, maɗiga na motsi ana gani. Ba mai hankalin da zai ɗora aska a wurin da hannu mai rawa, kuma Baba Kalla ya fi kowa sanin haka.

Na ɗaga ido, muka haɗa ido da Ma'azu. Ya gani. Tun sanda yatsun suka kasa kama igiya yake kallo. Mutum ne mai kamar shekara arba'in, baƙo a ƙauyen, da iyali, kuma gida irin na Alhaji Sale shi ne abin da kowane wanzami ke roƙon Allah ya ba shi. Abin da zai ce bai fi "Alhaji, dubi hannunsa" ba, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Na ƙura masa ido ina jira, raina na tafasa, na riga na tsane shi tun bai buɗe baki ba.

Baba Kalla ya numfasa, ya ɗaga kai wajen ƙofa. Na san abin da zai yi, faɗa zai yi da bakinsa. Ya ce, "Alhaji..."

"Baba, kawo nan," in ji Ma'azu, ya riga ya taso ya durƙusa ya jawo zabirar. "Ai babba ba ya wasa aska ƙarami na zaune."

Ya kwance igiyar, ya fito da askar da dutsen wasawa da fata. Ya fara wasawa a hankali, ya duba a haske, ya girgiza kai, ya sake komawa. Can ya ce, "Alhaji, a sa a tafasa mana ruwa. Mutanen likita sun hana a taɓa jariri da ƙarfen da ba a dafa ba."

"Ga ruwan mai jego can a kan wuta tun asuba," in ji Alhaji.

"Ba shi ba, Alhaji. Sabo, a tukunya mai tsabta, kuma a gabana. Na jegon a ɗebo a ƙwarya a sirka, Baba ya jiƙa hannu a ciki har gwiwar hannu. Haka suka ce a riƙa yi."

Aka kawo ƙwaryar ruwan ɗumi, Baba Kalla ya tsoma hannuwansa a ciki. Ni kuma na gyara zama na sa bayana tsakaninsa da ƙofa. Aka kawo murhu da kara da 'yar tukunya bakin zaure, Ma'azu ya tsuguna yana hura wuta da bakinsa, yana sa kara ɗaya-ɗaya, hayaƙi na shiga idonsa. Jariri ya fara kuka, tsohuwa ta fara tsaki. Alhaji ya leƙo ya koma, ya sake leƙowa.

"Ma'azu, ranar da ka yi na baya ban ga wannan dogon sharaɗi ba."

"Ranar reza sabuwa na sa, Alhaji, daga takardarta. Askar gado kuwa sai an yi mata hidima."

Ruwa ya tafasa, ya ce bai isa ba, a bari ya ƙara. Ya tsamo askar, ya ce sai ta huce da kanta, ba a hura mata baki. Ni idona na kan ƙwarya. Da farko ruwan rawa yake yi a kewayen hannuwan, daga baya ya ragu, can ya kwanta lum. Baba Kalla ya fito da hannu, ya dunƙule, ya buɗe, ya taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa. Ya miƙa wa Ma'azu tafin hannu, Ma'azu ya ɗora masa askar da hannu biyu. Tsohon ya gwada ta a gashin damtsensa, ta share sumul.

Ya yi bisimilla, ya jiƙa kan yaron, ya tallafe shi da hagu. Ban taɓa tsayawa na kalli askin suna ba sai ranar, kuma ban tuna na yi numfashi ba har aka gama. Askar tana tafiya a hankali, gashi na taruwa a tafin tsohuwa, ya zagaye maɗiga ya bi ta kanta kamar ba ya taɓawa. Yaron ma barci ya koma. Da ya share na ƙarshe, ko ƙwarzane babu, mata suka ɗauki guɗa daga cikin gida.

Muka fito waje. Aka kawo kason wanzami na nama da hatsi aka ajiye gaban Baba Kalla. Alhaji Sale ya ce a gaban jama'a, "Kalla, ka cika magana. Gida naka ne." Na ce a raina alhamdu lillahi, asiri ya rufu, mu tattara mu tafi. Amma tsohon bai tashi ba.

"Alhaji, tsaya ka ji," in ji shi. "Da na sauka daga keken nan hannuna rawa yake, ko igiyar zabira ban iya kwancewa ba. Wannan bawan Allah ya gani. Da ya yi magana, da yau gidan nan nasa ne, kuma da bai zalunce ni ba. Bai yi ba."

Ma'azu ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

"Ni ba ni da ɗa mai riƙe aska," in ji Baba Kalla. "Muddin ina iya zuwa zan zo. Ranar da na kasa, kada a je neman wani. Ga wanda na bar wa gidan kakana, da zabirar gaba ɗaya. Ku shaida."

"Mun shaida," in ji liman.

Ma'azu ya ce, "Allah ya nisanta ranar, Baba." Ni kuwa sai na tashi na koma wajen keken na tsuguna ina duba sarƙar da ba abin da ya same ta, don idona ya cika kuma ba na son a gani.

Da muka dawo Dungas, a hankali, muna tsayawa a hanya, na kwance ɗaurin nan da nake alfahari da shi, na shimfiɗa robar tsohon shambur, wato tib ɗin taya, tsakanin inji da kadar. Na naɗe mariƙan da roba, baduku ya rufe su da fata mai laushi. Muka kuma yi wa tsohon ƙa'ida: ya riƙa fita da wuri, ya rage wuta, ya tsaya a hanya ya yarfa hannu. Shekaru ya yi yana hawa bayan nan, abin bai sake kama shi ba.

Shi ya sa kuke ganin in mutum ya kawo aiki ina tsare shi da tambaya, me yake yi, ina yake zuwa, in ya sauka me zai taɓa da hannunsa. Kuna dariya kuna cewa Shef Mutari ya tsufa da surutu. Ku yi ta dariyarku. Injin da ya yi wa mai dakon itace daidai ba lalle ya yi wa tela ko mai yin allura ba, kuma ba a cikin kwali ake samun wannan ba, a bakin mai kaya yake. Sannan abin da ya fi wannan: in bakaniken rumfar da ke kallonmu ya maƙale a gaban mai kawo masa aiki, kada in ji ɗayanku ya tona shi don aikin ya dawo nan. Ku ba shi kile, ku ja mai kayan da hira har bakaniken ya gano kansa. Ma'azu ya fi ku bukatar damin gidan Alhaji Sale nesa ba kusa ba, da bakunan da ke jiransa a gida, amma na gan shi da idona a tsugune, hayaƙi na cin idonsa, yana hura wa abokin takararsa wuta.